Minti Ɗaya a Agogon Malam Daƙiƙa

Shekara goma sha ɗaya shagon ɗinkina yana manne da na mai gyaran agogo. Falankin katako ne kawai a tsakaninmu, don haka duk cika bakin da zai yi sai ya ratsa ta kunnena kafin ya kai titi. Malam Daƙiƙa muke ce masa, saboda duk wanda ya kawo masa gyara amsar ɗaya ce: “Daƙiƙa ɗaya!” Mai agogo kuma sai ya yi sati uku yana sintiri. Mutum ne mai ƙaton tumbi da 'yar ƙaramar kujera, kuma tsakaninsa da Allah ya yarda babu wani abu mai motsi a duniya da bai fi wanda ya ƙera shi saninsa ba.

Abin da ya fi ƙauna a rayuwa shi ne jan babur ɗinsa. Daga gidansa zuwa shago tafiyar rabin awa ce a ƙafa, amma ban taɓa ganin ya taka ta ba. Ko batir zai saya a shago na huɗu da namu, sai ya tada babur.

Wata safiya ya hau tsani zai rataya agogon bango. Taki uku ya yi jiri ya kwashe shi, ya sauko ya zauna a ƙasa yana haki kamar wanda ya turo mota. Kafin azahar labari ya kai gida, sai ga babbar 'yarsa, wadda take aikin nas, ta zo da jakarta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗaura masa abin awon jini a damtse, sannan ta riƙe wuyan hannunsa tana kallon ɗan agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta.

“Casa'in da shida a minti, Baba. Kuma a zaune kake, ko motsi ba ka yi ba. Jininka ma ya hau.”

“Yawwa! Inji mai ƙarfi ke nan. Wa ya kai casa'in da shida a layin nan?”

“Ba jarrabawa ba ce, Baba. Zuciyar da ta saba da motsa jiki ƙarfi take yi, bugu ɗaya sai ta tura jini mai yawa, shi ya sa ba ta gaggawa idan mutum yana hutawa. Masu tsere nasu har hamsin yake sauka. Taka wahala take sha.”

Ni da na leƙo kallo, ita ma ta kama hannuna. Tamanin da biyar, ta ce, kuma kada in yi murna.

Ta ajiye masa ƙwayoyin hawan jini da likita ya rubuta masa tun bara ya ƙi karɓa, sannan a hankali ta miƙa hannu ta ɗauke makullin babur daga kan tebur.

“Ke! Ajiye min!”

“Ka yi haƙuri, Baba, saƙon Mama ne, kuma ka san takardun babur ɗin da sunanta suke. Wata biyu. Tafiyar rabin awa kullum, da magani. Idan bugun ya sauko ƙasa da casa'in, da hannuna zan dawo maka da makulli. Idan bai sauko ba, ƙanen mijina yana neman babur.”

Malam Daƙiƙa ya dubi mutanen da suka taru a bakin shago, ya ga ido ya yi yawa, sai ya gyara zama.

“Casa'in? Ni za a ce wa casa'in? Nawa kika ce na masu tsere?”

“Hamsin.”

“To rubuta ki ajiye. Ƙasa da hamsin. Zuciya ai agogo ce, ni kuwa shekara talatin ina saita agogo.”

Ranar ban taɓa ɗinkin kowa ba, domin tsayawa ya yi a kaina sai da na ɗinka masa wandon motsa jiki shuɗi mai ratsin rawaya a gefe. Ya ce tafiya ta tsofaffi ce, shi gudu zai yi. Washegari da sassafe ya tsaya a tsakiyar titi, ya ɗaga wa mai aski da mai shayi hannu, ya zuba da gudu. Tumbi na gaba, shi yana biye. Falwayar wutar lantarki ta farko ya wuce ta lafiya. Ta biyu kuwa rungume ta ya yi.

“Lafiya, Malam?” in ji mai shayi.

“Miƙe... jijiya... nake yi.”

“Jijiyarka ko ta falwaya?”

Rana ta biyu tsallen igiya ne, da wayar tsohon dutsen guga da ya karɓa a wajena. Tsalle ɗaya, wayar ta kamo allon sunan shagonsa, allon ya sauko kan tiren mai shayi, kofuna bakwai suka tafi. Rana ta uku ya cika gwangwanin fenti biyu da siminti ya soke su a bakin ƙarfen famfo, wai ɗaga nauyi. Gwangwani ɗaya ya zame ya sami babban yatsansa na ƙafa. Ihun da ya yi har mai faci na ƙarshen layi ya fito da gudu yana zaton taya ce ta fashe.

Rana ta huɗu ya zauna da ƙafa a naɗe, yana binciken durowa, sai ya ci karo da wani tsohon agogon tsere, irin wanda ake dannawa ya fara ƙirga daƙiƙa. Wani malamin wasanni ne ya kawo gyara shekara shida da suka wuce, ya gaji da sintiri ya bar shi. Malam Daƙiƙa ya maƙala gilashinsa a ido, ya buɗe cikin agogon, ya ciro ɗan siririn sifirin da ya tsinke, ya sa masa na wani agogon mata da ke kusa. Ya danna, hannu ya fara zagaye. Ya kama jijiyar hannunsa ya ƙirga.

Sai na ji an doki katakon da ke tsakaninmu.

“Tela! Tela! Zo ka ga ikon Allah!”

Sittin da huɗu. Mai aski bai yarda ba, ya ce shi zai ƙirga da kansa. Ya riƙe hannun, Malam Daƙiƙa ya danna agogo, da hannu ya zagayo ya ce tsaya. Sittin da huɗu cif.

Bari in faɗa muku abin da mu ba mu sani ba a lokacin. Sifirin ɗin da ya sa ba na agogon ba ne, don haka gudu yake yi. Mintinsa ɗaya daƙiƙa arba'in ne na mutane. Zuciyar Malam Daƙiƙa tana nan a casa'in da shidanta, mintin ne ya gajarce. Amma wa zai zargi agogon da ke hannun mai gyaran agogo? Mu dai baki sake muka tsaya muna kallonsa.

“Kwana uku,” in ji shi, yana ɗaga yatsu. “Abin da wasu ke shekara suna nema. Jiki ne, wani ya fi wani.”

Daga nan ya naɗa kansa koci. Ya sayo usur, ya rubuta a kwali cewa duk mai son zuciyar masu tsere ya zo bakin shagonsa ƙarfe shida da rabi. Kunya ce ta hana ni ƙi, tsoro kuma ya kawo mai aski, wanda ya haura sittin kuma ko atishawa ya yi sai ya tambayi mutane ko alama ce. Mai shayi ya zo don yana fatan za a yi maganar kofunansa. Da wasu biyar muka cika takwas.

Doka ta farko: kowa ya jefa wayarsa a gwangwani.

“Waya ba agogo ba ce,” in ji shi. “Rediyo ce mai tocila. Ita ta lalata mutane, ita ta lalata sana'a.”

Doka ta biyu: koci ba ya zagaye. Mu za mu riƙa kewaya layin shaguna da sauri, shi yana zaune a kan kujera a kusurwa, agogo a hannun dama, burodi da bota a hagu, usur a baki idan ba ya tauna.

“Malam, kai fa?” na tambaye shi a rana ta farko, gumi na shigar min ido.

“Ni na wuce wannan ajin. Busa usur ɗin nan da kake gani, aikin huhu ne. Kai, ɗaga ƙafa! Mai aski, jana'iza kake raka wa?”

Rabin awa a agogonsa minti ashirin ne, da mun samu sauƙi. Sai dai mutumin yana son mulki. Wanda ya yi dariya, zagaye biyu. Wanda ya yi magana, zagaye uku, kuma kowa ya raka shi. Ba mu taɓa tashi ba mu cika rabin awa na gaskiya ba, wani lokaci har da ɗoriya. Sati na farko na tsine masa a zuciyata ya fi sau ɗari. Sati na uku sai na lura ina hawa benen gidanmu ban tsaya a tsakiya ba, abin ya ba ni haushi, domin ba na son in ba shi gaskiya.

Shi kuwa duk ranar Asabar sai ya buɗe agogon ya yi masa abin da yake kira sabis. Duk sabis agogo sai ya ƙara wuta. Sittin da huɗu ta koma hamsin da biyar, hamsin da biyar ta koma arba'in da takwas. A lokacin mintinsa ya dawo rabin minti.

Mai shayi ne ya fara shan wahalar abin. Ya ari agogon zai dafa ƙwai, minti takwas kamar yadda ya saba. Wani ma'aikaci mai farin wando ya fasa ƙwan a gefen benci, ruwan ya kwararo masa har gwiwa. Mai shayi ya taho shagon a fusace.

“Malam, agogon nan naka lafiya yake kuwa?”

“Ka tambayi kazar. Ƙwan zamani ne, ba ya jin wuta.”

“Shekara ashirin ina dafa ƙwai!”

“Shekara talatin ina gyaran agogo. Wa ya girmi wani?”

Sai kuma mai aski. Ranar da aka auna shi a agogon, arba'in da ɗaya aka samu. Malam Daƙiƙa ya tafa masa, ya ce ga ɗalibi na gari. Mai aski kuwa fuskarsa ta yi fari.

“Arba'in da ɗaya? Wancan satin hamsin ne. Idan ta ci gaba da sauka haka, nan da wata ɗaya ai sifiri ke nan!”

Ya bar wani mutum da rabin kai a aske, ya tare mota sai asibiti, yana ta barin wasiyya a hanya. Da yamma ya dawo da takarda: tamanin da biyu, lafiyarsa ƙalau, kuma an ce ya ci gaba da tafiyar da yake yi.

“Ka gani?” in ji Malam Daƙiƙa, ko gezau. “Tsoro ya ninka maka ita. Wa zai ga allura zuciyarsa ta zauna? Arba'in da ɗaya sau biyu nawa ne?”

Mai aski ya lissafa da yatsu. “Tamanin da biyu.”

“To!”

Wallahi har ni sai da na gyaɗa kai.

Da wata biyu suka cika, bai yarda a yi awon a gida ba. Ya ce abin da aka yi masa a gaban jama'a, a gaban jama'a za a wanke shi. Ya aro bencina huɗu, ya jera a bakin shago, ya sa aka turo jan babur daga gida aka wanke shi aka kafe a tsakiya. Ya rataya sabon kwali mai ɗauke da lamba arba'in da takwas, girmanta ya kai kan mutum. Layi kaf ya fito. Matarsa ta zo ta zauna a gefe. Nas ta zo da jakarta, ƙanen mijinta na biye da hular kwano a hannu.

“Wannan hular fa?” in ji Malam Daƙiƙa. “Ɗana, da ka bar ta a gida. A ƙafa za ka koma.”

Ya yi jawabi na kusan minti goma sha biyar, na gaskiya, a kan jiki da horo da yadda likitoci ke buƙatar su zo su koya. Sannan ya zauna, ya miƙa wa mai aski hannu, ya danna agogo.

“Arba'in da tara,” in ji mai aski.

“Jawabin ne ya ƙara ɗaya. Makulli, 'yata.”

Nas ta dubi tumbin babanta, wanda bai ragu ko da ɗinki ɗaya ba, ni shaida ne tunda ni na auna wandon. Ta dubi agogon.

“Baba, ara min shi in gani.”

Ta ciro nata daga ƙirji ta ajiye su gefe da gefe a kan tebur, ta ce in danna nasa idan hannun nata ya kai sha biyu. Na danna. Mutane suka matso har suna taka juna. Hannun agogon Malam Daƙiƙa ya zabura kamar an biyo shi. Ya gama zagayensa ya dawo gida, nata kuwa yana kan shida.

Kowa ya juyo ya dubi Malam Daƙiƙa.

“Naki ya mutu,” in ji shi. “Kawo in duba miki. Daƙiƙa ɗaya.”

“A'a, Baba, na gode.”

Mai shayi ne ya fara zaro waya. Kafin ka ce me, waya goma sha biyu sun fito, kowa ya buɗe wajen ƙirga lokaci. Aka sake dannawa. Waya goma sha biyu suka bi bayan nas.

“Ƙwaina!” in ji mai shayi. “Kazar da ka zaga!”

“Ni da na raba almakasaina ga 'ya'yana a cikin mota!” in ji mai aski.

Wata mata daga baya ta ɗaga murya: “Shi ya sa agogon da ya gyara min yake tashina ƙarfe uku in dafa wa yara abincin makaranta!”

“Kamfani ɗaya ke yin wayoyin nan,” Malam Daƙiƙa yana faɗa yana share gumi. “Bakinsu ɗaya.”

Nas ta riƙe wuyan hannunsa, ta ƙirga a nata. Casa'in da takwas. Ta ce a bar shi ya huta minti biyar ko hayaniya ce. Aka bari. Casa'in da shida.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa, mu ne. Mai aski ya miƙa nasa hannun: saba'in da biyar. Ni, da nake tamanin da biyar, na dawo saba'in da takwas. Mai shayi saba'in da biyu. Duk wanda ya sha usur wata biyu zuciyarsa ta sauko, ban da mai usur ɗin.

“Kun gani!” ya miƙe tsaye. “Aikina ne! Wa ya horar da su? To wanda ya horar zai kasa abin da ɗalibi ya yi? Lamba banza ce. Zagaye ɗaya, ni da su, yanzun nan. Idan ban riga su dawowa ba, a ɗauki babur.”

“Baba, kada ka yi gudu. Don Allah.”

“Maigida, zauna,” in ji matarsa. Maganarta ta farko ke nan.

Ina! Ya riga ya cusa usur a baki ya busa wa kansa. Ya fita da ƙarfi, ratsin rawaya na walƙiya. Mu muka bi da tafiyarmu ta kullum. A kusurwar farko muka tarar da shi ya rage wuta. A ta biyu mai aski, mai shekara sittin da uku, ya wuce shi yana ce masa sannu. Muka zagayo muka zauna, mai shayi har ya ɗora ruwa, ba Malam Daƙiƙa ba alamarsa. Jama'a na ta dariya, wani na cewa a ba shi minti ɗaya a agogon mutane.

Nas ce ta fara tashi da gudu.

Mun same shi a bayan layi, zaune a bakin kwata, ya jingina da bango, leɓensa ya bushe, numfashi na fita da ƙyar. Dariya ta ɗauke. Ta kwance masa wuyan riga, ta auna jini. Da ta laluba aljihunsa tana neman hankici, sai ga kwalin maganin ya faɗo. Ƙwaya uku kawai aka ɓalle.

“Baba... tun yaushe?”

“Na ga na warke,” ya ce a hankali.

Ta zauna a ƙasa kusa da shi, da farar rigarta da komai, ta fashe da kuka. Ni ma sai da na juya baya. Wata biyu muna biye wa mutumin nan muna dariya, ashe a bakin rami yake zaune da burodinsa.

Da numfashinsa ya daidaita, ta ba shi ƙwaya ɗaya ya haɗiya, ta ce gobe da safe asibiti, ba shawara ba ce. Muka rako shi bakin shago a hankali. Matarsa ta karɓi makulli daga hannun 'yarta ta miƙa wa mai hular kwano. Yaron kirki ne, bai tada babur ɗin a gabansa ba, sai da ya tura shi har ƙarshen layi. Amma duk mun ji ƙarar. Malam Daƙiƙa ya bi ta da kunne har ta ɓace.

Bayan sati ɗaya likita ya yarda ya fara tafiya. Da yamma nas ta zo ta raka shi gida, ni kuma ina biye da su saboda hanyarmu ɗaya. Yana tafe yana tsayawa, tana riƙe da gwiwar hannunsa. Da ya tsaya karo na uku sai na ji ya rage murya, don kada in ji.

“'Yata, casa'in ɗin nan... gaskiya, wata nawa zai ɗauka?”

“Ban sani ba, Baba. Wataƙila uku. Wataƙila fiye.”

“Kullum?”

“Kullum. Rabin awa.” Ta gyara riƙon hannunsa. “A agogona.”